Daga Taki Zuwa Awon Igiya: Tarihin Fuloti a Birnin Kano

Duk wanda ya shiga cinikin fili a Kano yau, kafin a gama gaisawa dillali ya jero masa lissafi: cikakken fuloti ne, ƙafa hamsin faɗi ɗari tsawo, ko hamsin-hamsin, ko kwata. Daga nan sai tambayar da ke yanke farashi, wato awon gwamnati ne ko awon igiya. Da yawa sun ɗauka haka aka gada tun kaka da kakanni, alhali fuloti baƙo ne. Wannan yanki na ƙasa mai kusurwa huɗu, wanda doka ta ƙayyade girmansa, ta ba shi lamba, ta kuma faɗi abin da za a gina a kansa, shekara ɗari ne da 'yan kai da zuwansa ƙasar Kano. Kuma tun ranar da ya zo, girmansa yana bin matsayin mutumin da aka yanka dominsa.

Abin da ake da shi game da farkon birnin ya fito ne daga tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda ya tattara abin da aka daɗe ana faɗa da baki. An ce mutanen Dala ne suka fara zama a gindin dutsen, an ce Bagauda ya zo a 999, kuma an ce Sarki Gijimasu, wanda ake sanya mulkinsa tsakanin 1095 da 1134, shi ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Waɗannan shekaru an lissafo su ne daga baya ta hanyar tara tsawon mulkin kowane sarki, don haka a riƙe su a matsayin abin da aka ruwaito. Abin da ido ke gani dai shi ne ganuwar kanta, kuma ita ce iyaka ta farko da ta raba ƙasar Kano gida biyu, cikin birni da waje. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka faɗaɗa ta, aka gina gidan sarki inda yake yanzu, aka kafa kasuwar Kurmi. An kuma zagaye fili mai yawa da gangan, domin in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya a sami wurin noma da kiwo. Clapperton, Baturen da ya shigo Kano a 1824, ya ƙiyasta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Barth ma da ya zo a 1851 ya tarar da gonaki da sarari a ciki.

A wancan zamani ma'aunin ƙasa shi ne gida, kuma gida ba shi da tsayayyen girma. Baƙo ya sauka, mai masaukinsa ya kai shi wurin mai unguwa, in abin ya fi ƙarfin mai unguwa a kai gaba, a nuna masa kango ko sarari, ya ja katanga ya yi zaure. In ɗa ya yi aure a ƙara ɗaki, in gida ya cika a fasa wata ƙofa. Ƙasar ginin ma a nan kusa ake haƙa ta, ramin ya zama kududdufi, kududdufin kuma ya riƙa shanye ruwan damina na unguwar. Lungunan birni ba wanda ya zana su. Abin da ya rage ne tsakanin katangar wane da ta wane. Duk da haka akwai tsari. Sana'a da asali su suka raba unguwanni: marina a Ƙofar Mata, Larabawan Tarabulus da Gadamas a Dandalin Turawa, malamai a Madabo, Yarbawa a Ayagi, Nufawa a Tudun Nufawa, fatake kuma su ya da zango a Fagge, bayan ganuwa. Akwai kuma hurumi, ƙasar da aka keɓe ba mai taɓa ta: maƙabarta, filin Idi, makiyaya, burtali.

Bayan jihadi ya ci Kano a 1807, fikihun Malikiyya ya ƙara ƙarfi a kan sha'anin ƙasa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan yadda mutum ke samun haƙƙi a ƙasar da ya raya bayan ba ta da mai ita. Alƙalai suna hukunci da ƙa'idar hana cutar da maƙwabci: ba ka buɗe taga ta leƙa cikin gidan wani, ba ka juya indararo ya zuba a katangarsa, in kuma an yi saɓani kan faɗin hanya akwai hadisin da ya ƙayyade kamu bakwai. Rabon gado yana tsaga gida ɗaya ya zama uku ko huɗu, shufa'a kuma tana ba abokin tarayya damar saye kafin bare. Ba ina nufin zamanin ba shi da aibi ba. Masu sarauta suna da rinji da bayi ke nomawa, talaka yana iya rasa gonarsa in ya ɓata da dagaci, wasu kududdufan kuma matattarar ƙazanta ne. Sai dai dokar wancan lokaci tana duban tsakanin mutum da maƙwabcinsa ne, ba ta auna shi da ƙafa.

A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, a watan Maris kuma Gwamna Lugga ya tsaya a Sakkwato ya bayyana cewa ikon da sarakuna ke da shi a kan ƙasa ya koma hannun wanda ya ci su da yaƙi. Wanda ya gaje shi, Gwamna Girouard, shi ya sa aka kafa kwamitin binciken filayen Arewa a Landan a 1908, kuma daga rahoton kwamitin aka fitar da dokar 1910, aka sake sabunta ta a 1916. Dokar ta ce ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Ba wanda ya mallaki ƙasa. Abin da mutum ke samu izinin zama ne, baƙo kuma sai da takarda, zuwa wasu shekaru, yana biyan haya. A nan ne fuloti ya samo tushe, domin ba a rubuta takarda a kan abin da ba a auna ba. Takarda tana bukatar safiyo, safiyo yana bukatar turakun siminti a kusurwa huɗu da lamba a kan taswira. A karkara ma awo ya shigo, amma ta ƙofar haraji. Tun wajen 1909 aka fara tura malaman taki suna auna gonakin ƙasar Kano da takun ƙafa, don a san abin da kowane manomi zai biya.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kamfanonin Turawa da Kwara suka zo neman wurin kafa kanti da sito kusa da tasha. Ma'aikatan jirgi da akawuna daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas suna bukatar wurin kwana, Turawa kuma ba su so su zauna a cikin birni ƙarƙashin alƙali. Sai aka yanka musu Sabon Gari a 1913, layi-layi, tituna a miƙe suna gittawa juna. A nan talaka a Kano ya ga an fara zana unguwa a takarda kafin a aza tubali.

Dokar garuruwa ta 1917 ita ta mayar da wannan tsari doka a duk Nijeriya. Ta kasa garuruwa aji uku, Legas kaɗai a aji na ɗaya, Kano da Kaduna da Zariya a aji na biyu. A cikin umarnin da Lugga ya rubuta wa jami'ansa ya fayyace komai. Kowane gari a raba shi biyu, unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, a tsakaninsu a bar sarari na yadi 440 wanda ba za a yi gidan kwana a cikinsa ba. Filin gidan Bature ya zama yadi 100 a tsawo, yadi 70 zuwa 100 a faɗi, a kewaye shi da shinge. Fulotin da aka saba yanka wa ɗan ƙasa kuwa ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: mafi ƙanƙantar filin Bature ya ninka na ɗan ƙasa fiye da sau 12, babban kuma sau 18. A cikin na farko mutum ɗaya ne, wani lokaci da matarsa, sai kuku da boyi a ɗakunan baya. A cikin na biyu ana jera ɗakunan haya, iyalai da yawa su raba rijiya ɗaya da shadda ɗaya.

Hujjar da aka bayar ita ce lafiya. A 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka kuma suka ce sauron yana ɗauko cutar ne daga jinin 'ya'yan baƙar fata, don haka a nisanta gidan Bature da tazarar da suke ganin sauro ba zai iya ketarewa ba. Ban ga yadda za a karɓi wannan hujja ba. Barorin gida suna kwana a bayan gidan Baturen, kuma da lafiyar jama'a ake nema da an fara da magudanan ruwa a inda mutane suka fi cunkoso. A garuruwa da dama sararin nan ya koma filin golf da folo da sukuwa. Abin da ya faru a zahiri shi ne an yi amfani da girman fuloti da tazara an raba mutane bisa launin fata. Kano ta zama garuruwa da yawa a wuri ɗaya: Birni a hannun Sarki da hukumarsa ta En'e, Nasarawa da Bompai na Turawa, Sabon Gari na mutanen Kudu, Fagge da Tudun Wada da Gwagwarwa na 'yan Arewa da ba 'yan birni ba. Sai a 1940 aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e, amma rabuwar ta riga ta yi jijiya, kuma rigingimun da suka ɓarke a Kano daga 1953 zuwa gaba a kan waɗannan iyakoki suka riƙa tashi.

A can ƙasashen Turai da Amurka kuwa, tsarin kasa birni shiyya-shiyya yana ta ƙara ƙarfi. Birnin Farankfot na Jamus ya yi irin wannan doka a 1891, Niyok ta yi tata a 1916, Ingila ta yi dokar tsara birane da karkara a 1932. Daga wannan ta Ingila aka kwafo dokar Nijeriya ta 1946, wadda ta ba da ikon ayyana wani yanki a matsayin yankin tsarawa, a zana masa taswira, a hana gini sai da izini. Ta yi aiki shekara 46.

Bayan 'yancin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar filaye ta 1962. Ikon da ke hannun Gwamna Bature ya koma hannun minista, amma ginshiƙin dokar 1910 bai motsa ba. A wannan lokaci aka kafa hukumar tsara babban birnin Kano, kuma wani masani mai suna Trevallion ya shirya tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, lokacin da ƙidaya ta nuna mutanen garin sun kusa 300,000. Tsarin ya ware wuraren zama, da na kasuwanci, da na masana'antu. Bompai ta riga ta zama unguwar masana'antu, daga baya Sharaɗa da Challawa suka biyo. Aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Baƙo ta buɗe tituna da sababbin unguwanni, hukumar ta yi ta canza suna, ta zama Hukumar Raya Birane a 1976, KASEPPA a 1990, yau kuma KNUPDA.

Ya kamata a tsaya a ga yadda irin wannan doka ke haifar da fuloti, don nan ne gizo ke saƙa. Hukuma tana zana shimfiɗar unguwa, ta fitar da tituna da magudanai da filin makaranta da masallaci da kasuwa, sauran ta yanka. Kowane fuloti sai ya fuskanci titi. An faɗi mafi ƙarancin girmansa, da tazarar da za a bari tsakanin gini da titi da kuma katangar maƙwabci, da kason filin da gini zai iya rufewa, da yawan bene, da abin da za a yi a ciki. Ba ka raba shi biyu, ba ka haɗe shi da na kusa, ba ka mayar da gidan kwana ya zama shaguna, sai da izini. Wuraren zama kuma aji uku ne: mai ƙarancin cunkoso, matsakaici, da mai yawan cunkoso. Na ƙarshen nan shi ne mita 15 a faɗi, 30 a tsawo, wato tsohon hamsin da ɗarin nan na Sabon Gari aka mayar da shi mita. Na farkon kuwa shi ne GRA, inda manyan ma'aikata da hafsoshi da attajirai suka gaji Turawa. An cire launin fata daga dokar, aka bar ma'aunin yadda yake, sai matakin albashi da sanayya suka maye gurbinsa.

Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa. Kusan ana iya cewa tsarin Arewa ne aka shimfiɗa wa Nijeriya duka. Ƙasar kowace jiha ta koma amana a hannun gwamna. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka a birni, ƙaramar hukuma kuma ta ba da izinin gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Wanda ke da filin da bai gina ba a cikin birni, rabin hekta kawai dokar ta bar masa. Sayarwa ko jingina sai da amincewar gwamna. Gwamna kuma yana iya soke izini don amfanin jama'a, diyyar da za a biya ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko amfanin gona ko itatuwa, ba ta ƙasar ba. An cusa dokar cikin tsarin mulkin 1979, aka maimaita a na 1999, don haka gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki.

Wannan batu na diyya shi ya haifi awon igiya, ko a ce shi ya raine shi har ya girma. Manomin da ke gefen birni ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa: an karɓi gonar gado, an biya shi kuɗin dawa da 'yan itatuwan ɗorawa, an yanka fulotai an raba wa mutanen da bai taɓa gani ba, su kuma sun sayar da tsada. Don haka tun kafin safiyon gwamnati ya iso sai ya kira dillali, a ɗauko igiya da turaku, a yanka gonar a sayar, a rubuta takardar ciniki mai unguwa ya sa hannu. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da dokar 1978 sun raba masu unguwanni da dagatai da ikon ba da ƙasa, amma jama'a ba su daina zuwa wurinsu ba, don su suka san gonar wane ta tsaya a ina. Mai saye kuma ba shi da zaɓi. Fulotin gwamnati kaɗan ne, neman sa sai da dogon jira da wanda ya tsaya maka, kuma ko an ba shi, ginin da ƙa'ida ta nema ya fi ƙarfin aljihunsa. Shi abin da yake iya saye ƙafa 25 ne a 50, ya yi ɗaki biyu ya tsere wa haya.

Da haka Kurna da Rijiyar Lemo da Dorayi da Rimin Kebe da unguwanni masu yawa irinsu suka cika. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birnin sun kai mutum miliyan 2.8, kusan ninki goma na zamanin Trevallion, kuma babban kaso na wannan ƙari a awon igiya ya sauka. Illar a bayyane take. Duk ƙafar da aka bar wa hanya ƙafa ce da mai gona bai sayar ba, don haka hanya ta tsuke har motar kashe gobara ba ta shiga, wani wurin ma makara sai an karkata ta. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba maƙabarta, ba magudanar ruwa. Rijiya da shaddar maƙwabci katanga ce kawai tsakaninsu. Kuma tun da ba takardar gwamnati, banki ba ya karɓar gidan a jingina, in kuma aikin titi ya biyo ta kansa mai shi yana cikin zullumi.

A 1992 aka yi sabuwar dokar tsara birane ta tarayya, ta maye gurbin ta 1946, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Nauyin ya dawo kan gwamnatin Kano kacokan. An yi ƙoƙari: an kafa KANGIS don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, an gwada yi wa gidajen wasu unguwanni rajista gida-gida, an gina rukunan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo tsakanin 2011 da 2015. Sai dai a daidai wannan zamani ita hukuma da kanta ta riƙa warware abin da ta ɗaura. Manyan filayen GRA an tsattsaga su, titunan da aka tsara don gidajen kwana sun zama jerin shaguna, an cike kududdufai an yi gini, an ci jikin ganuwa, an yanka harabar makarantu da gefen maƙabartu. A watan Agusta na 2022 ruwa ya mamaye Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, 'yan kasuwa kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka aza bisa hanyoyin ruwa. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnati ta rushe gine-gine a filin sukuwa da otal ɗin Daula da filin Idi, tana cewa an ba da su ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan filin Idi suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma darasin ɗaya ne a idon mai saye: takardar da gwamnati ɗaya ta sa wa hannu, wata tana iya zuwa da katafila ta shafe ta.

A ganina kuskuren da aka gada tun 1917 shi ne doka ta damu da girman filin mutum fiye da abin da jama'a ke tarayya a kai. Ƙaramin gida ba ya kashe unguwa; cikin birni ya rayu ɗaruruwan shekaru da gidaje manya da ƙanana gefe da gefe. Rashin hanya da magudana da hurumi shi ke kashe ta. Hana awon igiya da sanarwa a rediyo an sha yi, bai hanu ba, domin ba a ba talaka wata ƙofa ba. Abin da ya dace shi ne hukuma ta riga gini isa gonakin gefen birni, ta kafa turakun tituna da magudanai da filin makaranta da maƙabarta, ta bar wa mai gona sauran ya sayar da kansa, ta kuma amince da hamsin-hamsin, har ma abin da bai kai haka ba, a matsayin fuloti na halal mai takarda. Masu unguwanni da dagatai a dawo da su cikin aikin a hukumance, tun da dama a gabansu ake cinikin. Majalisar dokokin jiha tana da ikon yin wannan tun hukuncin 2003, kuma gonakin Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu da ba a kai ga yankawa ba, su ne ya kamata a fara da su tun kafin igiya ta riga safiyo isa.